Ritalin ko Strattera: Abin da ya kamata iyaye a Abdulkafi su tambayi likita

A kowane aji da na koyar a unguwar Abdulkafi ta birnin Sabha, ba a rasa yaro ɗaya ko biyu da zama wuri guda ke gagara. Ka ba shi aiki, kafin ka juya ya bar kujera. Ka yi masa tambaya, ya amsa tun ba ka ƙarasa ba. Iyaye su ce ƙiriniya ce. Wani lokacin kuwa larura ce da likitoci ke kira ADHD, wato kasa tattara hankali da yawan kai-komo, wadda ke shafar kusan yara 5 cikin 100 a duniya.

Amma ba duk mai rashin natsuwa ke da ita ba. Yaron da ake yi wa Hausa a gida, ya shigo aji ana ta zuba Larabci, dole hankalinsa ya tafi wani wuri. Haka wanda kunnensa bai ji sosai, ko wanda bai samun isasshen barci. Shi ya sa likita ba ya yanke hukunci sai alamomin sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganin su a gida da makaranta.

Idan aka tabbatar, magungunan da aka fi ambata iri biyu ne. Na farko metilfenidet, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta. Yana aiki a ranar da aka sha. Ritalin na yau da kullum awa 3 zuwa 4 yake yi a jiki, Concerta kuwa ya kan kai awa 12. Yana rage cin abinci, yana iya hana barci, ya ɗan ɗaga bugun zuciya, don haka ake bin diddigin nauyin yaro da tsayinsa da hawan jininsa. Yana kuma cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, ba a ba da shi sai da takardar likita. A garin da aka ga ɓarnar taramol, ban ga laifin uban da ya ji wannan ya ja baya ba. To amma tsoron nan a gaban likita ya kamata a faɗe shi, ba a majalisa ba.

Na biyu atomoksetin, wato Strattera, wanda Amurka ta amince da shi a 2002. Ba ya cikin masu sa maye, sai dai a hankali yake: ya kan ɗauki makonni kafin a ga canji, kuma kullum ake shan sa ba fashi. Tun 2005 aka sa masa gargaɗi cewa a wasu yara ƙalilan yana kawo tunanin cutar da kai, don haka a sa ido sosai a watannin farko.

A ganina, mu nan babbar tambayar ba wanne ya fi ƙarfi ba ce, wanne za a iya ci gaba da samu ce. Wanda sai ya bi hanyar Turabulus, fiye da kilomita 700, kafin ya ga ƙwararren likita, ya tambaya tun a zaman farko: idan maganin ya yanke a saidaliyya, me zan yi? Wa zai sabunta min takarda a Sabha? Yaushe za a sake duba yaron? Idan ya fara azumi fa? Ritalin da aka sha da sahur ƙarfinsa ya ragu kafin a yi nisa da darasi.

A kuma gaya wa likita idan akwai ciwon zuciya ko farfaɗiya a gida. Yaron da bai kai shekara 6 ba, da koya wa iyaye dabarun tarbiyya ake farawa, ba da ƙwaya ba.

Duk uban da ya ce min zai kai ɗansa asibiti, nakan rubuta masa abin da na gani na mako biyu: lokacin da yaron ya fi natsuwa, minti nawa yake yi a kan aiki, da darasin da ya fi wahalar da shi. Idan an fara magani, sai in sake rubuta wani, a kai wa likita duka biyun.