Karanta Alƙaluma Daga Fayil Zuwa Jadawalin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Malamin Hausa ba ya rabuwa da alƙaluma, ko dai makin ɗalibai ko kuma ƙididdigar kalmomi a binciken harshe. Sau da yawa akan adana su a fayil na zallar rubutu. Wannan darasi zai bayyana yadda manhaja ke kwashe su daga fayil zuwa jadawali mai fuska biyu, da kurakuran da suka kamata a kiyaye.

2.0 Ma'anar Jadawali Mai Fuska Biyu

Jadawali mai fuska biyu tsari ne na adana bayanai a layukan kwance da na tsaye. Kowane gurbi yana da adireshi mai lamba biyu: ta farko tana nuna layin kwance, ta biyu kuma layin tsaye. A ɗauka ga makin ɗalibai uku a Nahawu da Adabi da Al'ada da Fassara:

62 70 55 48
45 58 66 71
80 64 59 53

Kowane layin kwance ɗalibi ne, kowane layin tsaye kuwa darasi ne, wato gurabe 12 ke nan.

3.0 Matakan Aiki

Abin lura da farko shi ne, kwamfuta ba ta ganin lamba a cikin fayil, baƙaƙe kawai take gani. A tsarin ASCII, alamar 7 tana da lambar 55, kamar yadda harafin A yake da 65. Shi ya sa a harshen Python, idan aka haɗa rubutun "75" da "8" sai a sami "758", ba 83 ba. Saboda haka manhaja kan bi waɗannan matakai:

(a) Buɗe fayil don karantawa.
(b) Ɗaukar layi ɗaya bayan ɗaya.
(c) Yanyanka layin a duk inda aka sami alamar rabewa, wato sarari ko waƙafi.
(d) Mayar da kowane yanki lamba.
(e) Zuba lambobin a gurabensu, sannan a rufe fayil idan layuka sun ƙare.

Akwai kayan aikin da suka dunƙule waɗannan matakai wuri guda, kamar umarnin loadtxt na NumPy.

4.0 Kurakuran da Aka Fi Yi

Na farko shi ne mafarin ƙirga. Harsunan C da Java da Python suna fara ƙirga gurabe daga sifili, Fortran da R kuwa daga ɗaya. Don haka gurbi mai adireshin 1 da 2 a jadawalinmu yana ɗauke da 66 a Python, amma a R 70 ne.

Na biyu shi ne giɓi. Idan ɗalibi na biyu bai rubuta jarrabawar Adabi ba, aka bar layinsa da 45 66 71, sai makinsa na Al'ada ya koma na Adabi. Idan kuma manhajar tana kwasar lambobi ne a jere ba tare da duba ƙarshen layi ba, makin 80 na ɗalibi na uku zai faɗa wa na biyu. Ta haka giɓi ɗaya ke ɓata sakamakon duk waɗanda suka biyo baya. Maganinsa shi ne a cike giɓin da wata alama ta musamman, kuma a sa manhaja ta ƙirga yankunan kowane layi. Kada a cike shi da sifili, domin wanda bai zauna jarrabawa ba daban yake da wanda ya ci sifili.

Na uku shi ne bambancin rubuta lamba. A Nijeriya ana rubuta sha biyu da rabi 12.5, a Nijar kuwa, bisa tsarin Faransanci, 12,5 ake rubutawa. Manhajar da ke yanka layi a kan waƙafi za ta raba wannan lamba gida biyu. Wannan ne ya sa masu bin tsarin Faransanci kan raba lambobinsu da waƙafi mai ruwa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ingancin jadawali ya dogara ne ga tsarin fayil ɗin da aka karanta. Kwamfuta ba ta san ɗalibi ba, gurbi kawai ta sani. Wajibi ne malami ya duba fayil da idonsa, ya kuma gwada wasu gurabe da takardar asali kafin ya fitar da sakamako.

Auna Fahimta

1. Kawo matakai biyar na karanta alƙaluma daga fayil.
2. Me ya sa bai dace a cike giɓi da sifili ba?