Paul McGrath: ɗan Ailan mai jinin Nijeriya da ya hana Italiya sakat

Yau a fagen tamaula za mu leƙa ƙasar Ailan, mu kawo muku tarihin Paul McGrath, ɗaya daga cikin manyan masu tsaron bayan da ƙasar ta taɓa yi.

An haife shi a Landan ranar 4 ga Disamba 1959. Mahaifiyarsa ƴar Ailan ce, mahaifinsa kuwa ɗan Nijeriya, amma bai tashi hannunsa ba. A wancan zamani, mace ta haihu ba aure abin kunya ne ƙwarai a Ailan, shi ya sa yaron ya girma a gidajen marayu na birnin Dublin, alhali uwarsa na raye.

Ya fara suna a kulob ɗin St Patrick's Athletic, sai Manchester United ta ɗauke shi a 1982, suka ci kofin FA a 1985. To amma abu biyu suka sa shi gaba: ciwon gwiwa da shan giya. A 1989 Alex Ferguson ya sayar da shi ga Aston Villa, mutane da dama na ganin tasa ta ƙare.

Ashe da sauran kallo. Gwiwoyin sun lalace har ba ya iya atisaye sosai da sauran ƴan wasa, amma ranar wasa yakan riga ɗan gaba sanin inda ƙwallo za ta faɗo. A 1993 ƴan uwansa ƴan ƙwallon Ingila suka zaɓe shi gwarzon shekara. Ya kuma ci kofin Lig da Villa a 1994 da 1996.

Ailan ya buga mata wasa 83, ya ci ƙwallo 8. Wanda ba a mantawa shi ne na kofin duniya na 1994 a Amurka, inda suka doke Italiya 1 da 0. Da ciwo a kafaɗa ya shiga fili, duk da haka ya hana Roberto Baggio motsi.

Bayan ya aje takalmi, bai ɓoye yaƙinsa da giya ba. A littafinsa na 2006 ya faɗi yadda ta rusa masa aure, ta kusa kai shi kabari. Matasanmu masu buga ƙwallo a filayen gari, in wani abokin wasanku ya faɗa shaye-shaye, kar ku yi masa dariya. Ku ja shi jiki, ku raka shi wajen likita tun da wuri.