Zamanin Ƙanƙara a Ajin Manya: Abin da Nassi Ya Faɗa da Abin da Ƙasar Kano Ta Nuna

Ƙanƙarar da manomin Bichi ko Ɗambatta ya sani ita ce wadda take zubowa tare da hadari, ta yayyaga ganyen shuka, ta narke kafin a gama mamakinta. Saboda haka duk malamin da ya tsaya gaban dattawa a majami'ar ƙauye ya ce musu an yi wani zamani da ƙanƙara mai kaurin kilomita 3 ta danne Kanada da arewacin Turai, to ya shirya wa tambaya biyu. Ta farko, yaushe aka yi wannan abu, kafin Ruwan Tsufana ne ko bayansa? Ta biyu, mu nan ina ruwanmu da shi?

Masu irin wannan tambaya suna nan a karkarar Kano. Tun shekarun 1930, lokacin da mishan ɗin SIM ya samu damar yin aiki a Yadakunya, daga baya kuma a wurare irin su Roni da Tofa, Hausawa da dama, musamman daga gidajen Maguzawa, suka karɓi addinin Kirista. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, kuma mutane da yawa a dalilinsa suka koyi karatu bayan sun girma. Har yau ajin manya na ranar Lahadi da taron zumuntar mata su ne makarantar da yawancin iyayenmu na ƙauye suke zuwa a kai a kai. Abin da aka faɗa a can yana zama, yana bin mutum har gona, har wurin hira da maƙwabci. Yanzu kuma da wayar hannu ta shiga ko'ina, littattafai da bidiyoyin masu koyar da cewa duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba suna iya isa hannun mai bishara cikin dare ɗaya. Shi ya sa ya kamata a san wannan koyarwa da kyau kafin a ɗauke ta zuwa aji.

Inda koyarwar ta fito

A 1650 wani babban bishop na ƙasar Ayalan, James Ussher, ya haɗa shekarun zuriyoyin da ke cikin Littafin Farawa da sauran littattafai, ya ce an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu, Ruwan Tsufana kuma ya zo wajen 2348. A 1961 wasu Amurkawa biyu, John Whitcomb da Henry Morris, suka fitar da littafin The Genesis Flood, inda suka ce yawancin duwatsu da ƙasusuwan da ke binne a ƙasa aikin ruwan Annabi Nuhu ne. Amma wata matsala ta rage musu. Alamun ƙanƙara a Turai da Amurka sun yi yawan da ba za a musa ba, kuma suna kwance ne a saman waɗannan duwatsu, wato sun zo daga baya.

Wanda ya yi ƙoƙarin warware wannan shi ne Michael Oard, ma'aikacin hasashen yanayi a Amurka, cikin littafinsa na 1990. Ga yadda ya tsara bayaninsa. Ya ce lokacin Tsufana ruwan zafi ya ɓuɓɓugo daga ƙarƙashin ƙasa ya ɗumama teku, duwatsu masu aman wuta kuma suka cika sama da toka ta tare hasken rana. Sai teku ta riƙa tururi kamar tukunyar ruwan zafi da aka ajiye a tsakar gida da asubahin hunturu, tururin ya faɗa kan ƙasa mai sanyi a matsayin dusar ƙanƙara, bazara kuma ba ta da zafin da za ta narkar da ita. A lissafinsa ƙanƙarar ta ɗauki kimanin shekara 500 tana taruwa, ta narke cikin 200. Zamanin ƙanƙara ɗaya tak ke nan, na shekara 700, bayan Nuhu ya fito daga jirgi. Ƙungiyar Answers in Genesis ta Ken Ham, wadda ta buɗe gidan tarihinta a jihar Kentaki a 2007, tana cikin masu yaɗa wannan bayani a duniya.

Ba abin mamaki ba ne mai bi ya ji daɗinsa. Bayani ne mai sauƙin riƙewa, yana girmama nassi, yana kuma ba mutum amsar da zai mayar idan an tsokane shi. Masu yin sa da nufin kare bangaskiya suke yi, kuma wannan nufi abin girmamawa ne. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta mayar da hasashe ya zama aya.

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba

Littafi Mai Tsarki bai ambaci zamanin ƙanƙara ba. Littafin Ayuba ya yi maganar ƙanƙara da dusarta a sura ta 37 da ta 38 don nuna ikon Allah, amma bai ce an yi wani zamani na shekara 700 ba, bai kuma yi maganar teku mai zafi ba. Waɗannan duk ƙarin Oard ne. Malamin da ya karanta Farawa sura ta 8, ya zarce cikin bayanin Oard ba tare da ya ja layi ba, ya ɗora wa nassi kayan da ba nasa ba, dattijon da ke sauraro kuwa ba shi da hanyar gane inda maganar Allah ta tsaya, ta mutum ta fara.

Tarihin gano zamanin ƙanƙarar ma yana da darasi. William Buckland limamin cocin Angilika ne kuma malami a Jami'ar Oxford. A 1823 ya rubuta littafi yana cewa tsakuwa da manyan duwatsun da ke warwatse a Ingila shaidar Ruwan Tsufana ce. Da ya ci gaba da bincike sai ya janye wannan magana. A 1840 ya zaga tsaunukan Sikotilan tare da Louis Agassiz, ɗan wani fasto daga Suwizalan, wanda tun 1837 yake cewa ƙanƙara ce ta ja duwatsun. Buckland ya ga zane-zanen da ƙanƙara ta bari a jikin dutse da idonsa, ya yarda. Bai bar cocinsa ba, a 1845 ma aka ba shi shugabancin limaman Westminster. Agassiz kuwa har ya rasu a 1873 bai amince da ra'ayin Darwin ba. Ashe masu imani da Mahalicci ne suka fara tabbatar da zamanin ƙanƙara. Ko Baibul mai sharhi na Scofield, wanda ya fara fitowa a 1909 kuma masu wa'azin bishara da yawa suka dogara da shi, ya yarda cewa dogon zamani na iya shiga tsakanin ayar farko da ta biyu ta Farawa.

Shaidar da ke ƙarƙashin gero

Amsar tambaya ta biyu tana cikin gonarmu. Ƙanƙarar ba ta iso ƙasar Hausa ba, amma farinta ya iso. Kimanin shekara 21,000 da suka wuce, lokacin da ta kai ƙarshen yawanta, ruwa mai yawa ya daskare a doron ƙasa har teku ta ja baya da kusan mita 120. Damina ta yi rauni a Afirka ta Yamma, hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. A 1958 masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya wallafa bincikensa a kan tsohuwar hamadar ƙasar Hausa, wato jerin tuddan rairayin da suka miƙe gabas da arewa maso gabashin Kano, ta wajen Gumel da Haɗejiya da Katagum. Tuddan suna kwance a jere daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daidai hanyar iskar hunturu. Iska ce ta tara su a lokacin da babu ciyawar da za ta riƙe ƙasa. Yau an noma su, an kafa garuruwa a kansu.

Jigawar da ake shuka gero da gyaɗa da wake a Kunci da Makoɗa da Minjibir ita ma mafi yawanta ƙasa ce da iska ta shimfiɗa a kan tsohon dutse. Sauƙinta a hannun fartanya, tare da takin da manoma suka daɗe suna kaiwa gona a mangala, shi ya ba wannan yanki damar ɗaukar jama'a mai yawa ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, abin da Michael Mortimore da abokin aikinsa suka bayyana a bincikensu na 1965 kan karkarar da ke kewaye da Kano.

Bayan farin sai ruwa ya dawo fiye da na yau. Tsakanin kimanin shekara 14,500 zuwa 5,500 da suka wuce Sahara ta yi kore. Tafkin Cadi ya bunƙasa har faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, kuma tsohuwar gaɓarsa ita ce tudun da ya ratsa Maiduguri da Bama. A Dabus, arewa da Agadas, mutanen wancan zamani sun zana raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5 a jikin dutse, a wurin da yau ba ya iya rayuwa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8.4. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. A lissafin Ussher, wannan kwalekwale ya girmi duniyar kanta da shekara 2,000. Hatta hazon hunturu da ke sauka a Kano, babban kasonsa ƙura ce daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, busasshen gindin wancan tsohon tafki.

Wanda ya riƙe lissafin Oard dole ya cusa duk wannan, wato zuwan hamada, taruwar tuddai, cikar tafki da bushewarsa, cikin 'yan ɗaruruwan shekaru bayan 2348, a daidai zamanin da Misirawa suke rubuta sunayen sarakunansu, babbar dalar Giza kuma tana tsaye tun wajen 2560 kafin haihuwar Almasihu.

Yadda aka ƙirga shekarun

Dattijo mai hankali zai ce, wa ya ga wannan da idonsa? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. A Girinlan dusar ƙanƙara tana taruwa shekara kan shekara, ta bazara ta bambanta da ta lokacin sanyi wajen ƙura da sinadarai. Masana sun haƙo ta sun ƙirga shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya har shekara 60,000. A Antatika haƙar da ta wuce zurfin kilomita 3 ta nuna tarihin shekara 800,000, da zuwan sanyi da tafiyarsa har sau 8. Oard ya amsa da cewa shimfiɗun na can ƙasa na guguwa ne, ba na shekara ba. Amma akwai hanyoyin gwaji. Alamar aman dutsen Laki na 1783 da na Tambora na 1815 tana fitowa a shimfiɗar da ƙirga ta ce za a same ta. Tazarar zamanan sanyin kuma ta dace da lissafin Milutin Milankovic a kan yadda kewayar duniya da karkatarta suke sauyawa duk shekara 100,000 da 41,000 da kimanin 23,000, abin da binciken lakar gindin teku ya tabbatar a 1976. Ƙanƙara da laka da lissafin taurari shaidu ne daban-daban, ba su haɗa baki ba, amma maganarsu ta zo ɗaya.

Abin da ke kan malami

Babba ba yaro ba ne. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya, ya ga farin 1973 da na 1984, ya cancanci a shimfiɗa masa magana gaba ɗayanta. Malami ya raba darasinsa gida uku, ya faɗa wa ɗalibai sunan kowane gida. Ga abin da nassi ya ce: Allah ne Mahalicci, ya hukunta mugunta da ruwa, ya ceci Nuhu, ya yi alkawarin shuka da girbi ba za su yanke ba. Ga abin da waɗansu masu bi suka yi hasashe, da sunansu da shekarar littafinsu, haɗe da bayanin cewa waɗansu masu bin ba su yarda da su ba. Ga kuma abin da awo ya nuna, da yadda aka yi awon. Idan akwai mai haƙa rijiya a ajin, a ba shi dama ya bayyana abin da yake tararwa daga rairayi zuwa marmara zuwa dutse, domin ya riga ya karanta rabin darasin da hannunsa.

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya gargaɗi Kiristoci cewa idan suka faɗi abin da ba daidai ba game da sama da ƙasa a gaban waɗanda suka san lamarin, suka jingina shi ga nassi, to nassin za a raina. Gargaɗin ya shafe mu kai tsaye. 'Ya'yan waɗannan dattawa suna karatu a Jami'ar Bayero da Wudil da Dutse, za su dawo gida da labarin Dufuna da tuddan Haɗejiya. Idan an koya wa uba cewa bangaskiyarsa ta rataya a kan shekara 700, ranar da ɗansa ya nuna masa lissafin bai tsaya ba, ɗaya daga cikinsu zai yi asara: ko uban ya ƙi ilimi, ko ɗan ya bar majami'a. Maƙwabta Musulmi, waɗanda su ma suke girmama Annabi Nuhu, suna sauraron yadda ake wannan magana.

Saboda haka makarantun horar da fastoci da masu bishara su sa tarihin ƙasa da yanayi cikin karatunsu, da Hausa, da misalan yankinmu. Masu tsara littafin ajin manya su rubuta sunan mai kowane ra'ayi a gefensa. Malami kuma, idan an yi masa tambayar da nassi bai amsa ba, ya faɗa wa ajinsa haka a fili, sa'an nan ya nuna musu inda za a nemi amsar.