Aikin Hannu a Ƙaramar Sakandare: Tsintsiyar Kasuwa Ba Darasi Ba Ce

Duk mai yaro a ƙaramar sakandare ya san wannan saƙo. Zangon karatu ya zo ƙarshe, sai yaro ya dawo gida ya ce, “Baba, Malam ya ce gobe kowa ya zo da aikin hannu.” Uba ya laluba aljihu, a aika kasuwa a sayo tsintsiya ko mafici ko faifai, da safe a kai wa malam, a ba da maki. A wasu wuraren ma an rage wa kowa wahala, kuɗin kawai ake kaiwa. Yaro bai taɓa kaba da hannunsa ba, amma a takardar sakamako an rubuta ya ci. Malam ya san wasa ake yi, uba ma ya sani, sai dai sabo ya sa kowa ya kau da kai.

Ba haka aka tsara abin ba tun asali. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'a tun farkonta. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, manufar shekaru ukun nan na ƙaramar sakandare ita ce yaro ya taɓa abubuwa da hannunsa, ya gwada noma da kafinta da haɗa waya da ɗinki, don a gane inda ya karkata. Har injina aka sayo daga ƙasashen waje domin darasin fasaha, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatinansu saboda babu wuta, babu masu koyarwa. Shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya gaji wannan manufa, kuma manhajarsa ta ƙunshi kimiyya da fasaha, da noma, da tattalin gida. A takarda dai komai na nan.

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na jihar Katsina maganar ta fi nauyi. A watan Maris na 2020 cutar korona ta rufe makarantu. Ba a gama farfaɗowa ba, sai a daren 11 ga Disamba na wannan shekara 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashi ɗalibai, sai ranar 17 ga watan aka sako 344. Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe makarantun kwana na jihar. A Satumban 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Yaran da ke ƙaramar sakandare a 'yan shekarun nan, karatunsu na firamare cikin wannan ruɗani ya faɗo. Wasu sun baro ƙauyukansu, wasu sun yi watanni ba su ga allo ba. Yaron da karatunsa ya yi giɓi haka, in ka cika masa allo da Turanci ka ce ya kwafa, zai kwafa, amma kamar zuba ruwa ne a kwando. In kuwa ka ba shi abin da zai auna ko ya shuka ko ya ƙirga, ka buɗe masa ƙofar da zai shigo ta cikinta.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya: aji ya cika maƙil, babu ɗakin gwaje-gwaje, babu kuɗin sayen kaya. To amma aikin da ya fi amfani ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ɗauki misalin Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, wanda ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya. Ƙaramar tukunyar ƙasa ce ake sawa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska ta busar da shi, yana bushewa yana tafiya da zafin ciki. Hikimar randar kakanninmu ce, ya ƙara mata mataki guda. Yanzu a ce 'yan aji biyu sun haɗa irin wannan. A raba tumatir ko yalo gida biyu, rabi a tukunya, rabi a kwando a gefenta. Kowace safiya rukuni ɗaya ya duba ya rubuta kwanan wata, da nawa suka yi laushi, da nawa suka ruɓe. Bayan mako biyu a zana jadawali. Sai malam ya jefa tambaya: me ya sa tukunyar ta fi sanyi da bazara, amma da damina take kasawa? Yaron da ya gano da kansa cewa iska mai laima ba ta busar da ruwa, ya riƙe darasin har tsufa. Kuɗin aikin duka bai wuce na tukwane biyu ba.

Yankin nan ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken suya, saboda haka gona ita ce ɗakin gwajin da ya fi kusa. Kafin ruwan shuka, kowane rukuni ya zo da ƙwayar masara 100 daga irin da aka ajiye a gida, a shimfiɗa su cikin jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa na mako guda, sannan a ƙirga waɗanda suka tsiro. In 60 ne kawai, yaro ya fahimci abin da ake nufi da kashi sittin cikin ɗari ba tare da bulala ba, ya kuma kai wa mahaifinsa labarin da zai cece shi daga asarar iri da taki. Wannan ita ce ranar da uban zai daina cewa boko ɓata lokaci ne. Haka nan ana iya yanke gorar roba a yi ma'aunin ruwan sama, ko a sa yara su riƙa kawo farashin tiyar masara duk ranar kasuwa, daga kaka zuwa bazara, su ga da idonsu yadda layin ke hawa.

Ƙanƙara kuma tana da farar ƙasa, wadda ake ɗiba a kai masana'antun fenti da tangaran da takarda. Yara da yawa suna ganin motocinta suna wucewa ba su san amfaninta ba. Malam ya kawo ɗan kwano guda, a jiƙa, a dama, a tace, a bar ta ta kwanta: ga darasin raba abubuwan da suka gauraya, wanda ake haddacewa daga littafi ba a gane shi ba.

Na ce malam ya kawo, ban ce a aika yara ba. Ramin haƙar ƙasa ba wurin yaro ba ne. Kuma a halin da ake ciki, duk aikin da zai fitar da ɗalibi bayan gari ko gona mai nisa, a bar shi. Buhunan taki da aka gama da su sun isa a cika da ƙasa a shuka alayyahu da kuɓewa a harabar makaranta. In kuma tarihin gari aka sa su tambayo wajen dattawa, a tsaya kan asalin unguwanni da sana'o'i da sarautu. Kada a sa yaro ya tono abin da har yanzu yake hana gidansu barci.

Akwai kuma wata al'ada da ya kamata a bari, ta ware 'yan mata a ce su nasu girki da saƙa, a bar wa maza waya da batir. Yarinyar da ke auna gari da sukari a gida ta fi kowa sanin awo. A ba ta ƙwan fitila da batir ta haɗa, a kuma ba namiji allura da zare.

Inda aikin rukuni ke lalacewa sananne ne: mai ƙoƙari ɗaya ya yi komai, sauran su jera sunayensu. Maganinsa shi ne kowa ya riƙe littafin da yake rubuta abin da ya gani, kuma ranar ba da maki malam ya tambayi wanda ya fi yin shiru. Tukunyar da ta fashe, in mai ita ya iya bayyana dalili, ta fi cancantar maki a kan wadda yayansa ya haɗa masa. Ƙungiyoyin muhawara da kacici-kacici da wasan kwaikwayo da na matasan masu kimiyya su ma suna da gurbinsu, muddin da gaske suke zama, ba sai ranar da baƙi za su zo ba.

Shugabannin makarantu da kwamitocin iyaye za su iya ware yini guda a ƙarshen zango a baje waɗannan ayyuka a ƙarƙashin inuwa, a gayyaci mai unguwa da liman da iyaye mata. Ku kuma iyaye, in yaro ya sake zuwa da saƙon aikin hannu, kada ku miƙa masa kuɗi. Ku kai shi wurin mai saƙar kaba ko maginin tukwane na unguwarku ya zauna ya koya, ya kai wa malam abin da hannunsa ya yi, ko da a karkace ya fito.