"'Yar Japan Ce": Ina Ake Ƙera Toyotar da Muke Hawa?

Tun da Amurka ta ƙaƙaba harajin kashi 25 cikin ɗari kan motocin da ake shigo mata da su a watan Afrilun 2025, tsohuwar gardamar nan ta sake tashi a bakin garejin kanikawa da filayen sayar da motoci. Wasu sun ɗauka duk Toyotar da ke duniya daga Japan jirgin ruwa ya ɗauko ta. Waɗanda suka san ana ƙera ta a wasu ƙasashe kuwa sun yanke hukuncin cewa wadda ba Japan ta fito ba jabu ce. Dillali ya san da haka, shi ya sa in ya ga mai saye yana jan ƙafa sai ya bugi bodin motar ya ce, "Alhaji, wannan 'yar Japan ce." Sau da yawa shi kansa bai duba ba.

Japan ce mahaifar Toyota, babu musu. A can aka kafa kamfanin a 1937, kuma manyan masana'antunsa irin su Motomachi da Takaoka da Tahara suna lardin Aichi har yau. Amma cikin motoci kusan miliyan 10 da yake ƙerawa a shekara, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke fitowa daga gida. Camry, wadda ta cika titunan Kano da Abuja, tun 1988 ake ƙera ta a Georgetown ta jihar Kentucky. Sienna da Highlander daga jihar Indiana suke fitowa. Hilux, da jami'an tsaro da 'yan siyasa ke ji da ita, akasarinta daga Tailan take ko daga Durban ta Afirka ta Kudu, kuma tun 2017 ita kanta Japan daga Tailan take shigo da Hilux ɗin da take sayar wa mutanenta. Motar da muke kira "Beljiyam" kuwa sunan ƙasar da aka yi lodinta ta ɗauka, domin Toyota ba ta da masana'antar ƙera mota a can.

Siyasa da lissafi ne suka fitar da kamfanin waje. A 1981 Amurka ta matsa wa Japan lamba har ta yarda ta taƙaita motocin da take aika mata, sannan bayan yarjejeniyar canjin kuɗi ta Plaza a 1985 darajar kuɗin Japan ta yi tashin da ya sa kayanta suka yi tsada a waje. Mafita ita ce a kafa masana'anta kusa da mai saye.

Abin da ke ba mutane wahalar karɓa shi ne, ingancin mota a tsarin aiki yake, ƙasar da aka kafa injinan ba ta ƙara masa komai. Kilishin da Bahaushe ya yi a Legas da yajinsa da ƙwarewarsa bai tashi daga kilishi ba don ya bar Arewa. Telan da ya horar da yaransa, ya ba su awo ɗaya da zare ɗaya, yana kuma duba kowace riga kafin ta fita, ba ya rasa sunansa don ya buɗe shago na biyu a wata unguwa. Akwai hujja mai ƙarfi a tarihi. A 1982 General Motors ya rufe masana'antarsa ta Fremont a Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen ɓata aiki. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da da yawa daga cikin tsoffin ma'aikatan, aka kai wasunsu Takaoka suka koyi aiki, aka ba kowane lebura ikon jan igiya ya tsayar da layi idan ya ga kuskure. Cikin ɗan lokaci motocin da suke fitarwa suka kusa kamo na Japan a inganci. Mutanen dai su ne, ginin ma shi ne.

Bakanike zai ce shi da idonsa yake ganin bambanci, kuma yana da gaskiya. Sai dai bambancin daga kasuwar da aka yi wa motar yake fitowa, da kuma rayuwar da ta yi kafin ta iso. Wadda aka tsara wa Amurka an yi ta ne don titi mai santsi da mai mai tsabta, idan kuma ta yi shekaru a yankin da ake zuba gishiri kan ƙanƙara, tsatsa ta riga ta ci cikinta. Da yawa ma a wajen gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye aka sayo su. Ainihin wadda aka yi wa kasuwar Japan kuma sitiyarinta a dama yake, alhali Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, wato sitiyarin hagu muke amfani da shi.

Raba wannan gardama bai fi minti ɗaya ba. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Idan ta fara da J, Japan ce, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, AHT Afirka ta Kudu, MR0 Tailan. Abin takaici ne mutum ya zuba miliyoyin naira a mota bai leƙa wannan wuri ba.

Abin da ya fi cancantar gardama shi ne me ya sa Nijeriya ba ta cikin jerin waɗannan ƙasashe. A 2021 aka buɗe wurin haɗa Hilux a Tema ta Gana. Kaduna kuwa tun 1975 ta fara haɗa Peugeot, har 504 ta zama motar gwamnati da ta tasha, kafin harkar ta durƙushe. Kamfani irin Toyota yana duba wutar lantarki da ƙarfe da tashar jirgin ruwa da dokar harajin da ba za ta sauya da sauyin minista ba. Jami'anmu sun fi shekara 40 suna alƙawarin kammala kamfanin ƙarfe na Ajakuta, kuma har yanzu a bakin alƙawarin ake.