Yadda Ake Sauya Dainamon Tsohuwar Tarakta



Da zarar ruwan farko ya sauka a Kankiya da Kusada, manoma sukan yi layin jiran tarakta. Idan ta ƙi tashi a wannan lokaci, shukar gero da dawa ce za ta makara. Sau da yawa laifin na dainamo ne, wato ƙaramin janaretan da ke caza batir yayin da inji yake aiki.

Kafin a sayi wani, sai a san irin wanda ya lalace. Dainamo dogo ne kamar gwangwani, altaneta kuwa gajere ne mai faɗi, kuma haɗin wayarsu daban ne. Tsofaffin taraktoci irin Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, da yawansu suna da dainamon kamfanin Lucas na Ingila mai ƙarfin bolt 12. A karanta lambar da ke jikinsa, a kuma tafi da tsohon wurin mai sayar da kayan gyara don a gwada.

A bayansa akwai kawuna biyu. Babban shi ne D, ƙaramin kuma F. Ga matakan haɗawa:

1. A kashe inji, a cire kan batir ɗin da ke haɗe da bodi.
2. A ɗaure dainamon, a ja bel har ya zama idan an danna shi da yatsa ba ya lotsawa fiye da kusan santimita 1.
3. A mayar da kan batir. A ɗauko waya daga ɗaya kan, wanda bai taɓa bodi ba, a ɗan taɓa F da ita na daƙiƙa guda. Wannan ne ke nuna wa dainamo hanyar da wuta za ta bi. Idan aka tsallake shi, katawut na iya ƙonewa.
4. A sake cire batir. Waya mai kauri ta tafi daga D zuwa D na katawut, siririya kuma daga F zuwa F.
5. A haɗa batir, a tayar da inji. Idan mita ta nuna wajen bolt 14, caji ya kama.

Wannan ba aikin yaro shi kaɗai ba ne, domin bel na kama yatsa. Mu tsaya kusa da rewaya mu kalla, mu yi tambaya. Darasin lantarki da muke yi a aji, ga shi nan a gona.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida