Tsinto Kyanwa Ba Wuya, Sama Mata Gida Shi Ne Aiki

Duk wanda ya san Zangon Agege, unguwar da fataken goro da na shanu suka raya a gefen hanyar jirgin ƙasan da ta isa Kano a 1911, ya san cewa da damina ba a rasa 'ya'yan kyanwa da ruwa ya raba da uwarsu. Mai tausayi yakan tsamo su daga kwata, amma kafin gari ya waye sai ya tarar da babbar matsala, domin mai zaman ɗaki ɗaya a gidan haya na Ikko ba shi da wurin ajiye dabba.

Galibi masu fara miƙo hannu su ne masu shagunan hatsi, saboda ɓarnar ɓera. Bukatarsu kuwa gaskiya ce, balle ma ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969. To, amma a nan hatsarin yake. Shagon da ake zuba maganin ɓera kabari ne ga kyanwa, gama idan ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma tana iya bin sa. Kazalika wanda zai kulle ta ba ci ba sha, wai don yunwa ta sa ta farauta, ya manta da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu.

Saboda haka wajibi ne mai bayarwa ya taka da ƙafarsa ya ga gidan. Kada a ba da jaririyar kyanwa sai ta cika mako 8. A kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana ɗaukarsa, tana kuma sa wa mutum ta hanyar cizo. A gargaɗi mai karɓa cewa ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe ta, madarar shanu kuma takan sa ta zawo. Sa'an nan ya tsare ta cikin gida kamar mako 2, da abinci da ruwa, har ta saba, don kada ta fita neman tsohon wurinta mota ta take ta.

Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, a ba shi haƙuri a nemi wani. Rai amana ne, ko da na kyanwa ne.